Sharhin da na ƙi adanawa

Ko mantuwa ta cinye sauran shekarun da na yi ina tuƙa bas ɗin ma'aikata a Doha, akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Abokin ɗakina a unguwar Mansura, wani mutumin Zongo daga Kumasi, shi ya koya mini ches, darar Turawa. Da na je hutu Zariya na koya wa 'yata ta fari, kafin in ankara yarinya ta fi ni. Duk wasan da ta buga a makaranta sai ta turo mini, in buɗe a manhajar da muke tara wasanni cikin tsohuwar kwamfutarmu, in rubuta sharhi a ƙarƙashin kowane motsi.

To amma 'yar fari ce. Ko sunanta ba na kamawa, balle in yabe ta. Haka na taso. Sai na samo dabara: in fara zuba abin da ke zuciyata, in rufe ba tare da na danna adanawa ba, komai ya goge. Sannan in sake buɗewa in rubuta gyara zalla in tura. Abokina ya sha yi mini tsiya, wai ni kaɗai ya sani mai yabon 'yarsa ga kwamfuta.

Ranar nan ta turo wasan da aka cinye ta, mahaifiyarta kuma ta gaya mini yarinya ta ce na ƙarshe ke nan. Ba za ta shiga gasar makarantu ba, tunda Baba bai taɓa ganin abin kirki a wasanta ba. Maganar ta sosa ni ƙwarai, amma taurin kai ya hana ni kira.

Na buɗe wasan. A tsakiya ta sadaukar da doki, ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan darar, don ta buɗe gidan sarkin abokin karawarta, abin da ni ko a mafarki ba zan hango ba. Na rubuta cewa wallahi ina alfahari da ita, na rubuta sunanta har sau biyu. Na rufe kamar kullum, na sake buɗewa, na tsallaka zuwa ƙarshe inda ta yi kuskure, na sa gyara layi biyu na tura. Ashe abokina ya sabunta manhajar a makon, yanzu da kanta take adana duk harafin da aka rubuta.

Muna dawowa daga masallaci wayata ta yi ƙara. 'Yata ce. Ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, ashe ka ga dokin?"

Na so in ɗora wa kwamfuta laifi, amma na fasa.

"Na gani," na ce. "Duk abin da kika karanta, haka yake."

Ta shiga gasar. Yau ita ke koya wa 'yan mata ches a makarantarsu, kuma duk direban da ya zauna kusa da ni a Lusail, nan gefen Doha, sai ya ji labarinta, ko yana so ko ba ya so.

Abin da na koya shi ne kunya ado ce, amma yaro ba ya ganin abin da ke cikin zuciyar ubansa. Yabon da ka ɓoye, a wurinsa babu shi.