Ranar Da Casa'in Da Takwas Ta Fi Ɗari

A ofishinmu ba mai kiransa da sunansa, Ba-Shiga muke ce masa, kuma wallahi ya ci sunan. Teburinsa na jikin nawa, ƙarƙashin fankar nan mai ƙara kamar injin niƙa. Siriri ne mai furfura a gemu, kullum da kofin shayin da ya manta da shi har ya huce.

Kamfaninmu yana ajiye wa makarantu bayanan ɗalibai. In muna son wani abu daga rumbun, sai mu rubuta tambaya da yaren da kwamfuta ke ji, mu kira umarnin da zai yi aikin. Kowane umarni da irin abin da yake karɓa. Mai lissafa shekaru kwanan wata yake so, mai zaƙulo maki mafi yawa lamba yake so. Ba-Shiga ne ya gina manhajar da ke tsaye a ƙofa tana duba abin da ka miƙa wa umarni kafin tambayarka ta wuce. Mai gadi yake kiranta. Ka ba da rubutu inda ake son lamba, ta jefo maka jan layi, sai ka ji tsaki ya tashi daga wani lungu: “Kai, Ba-Shiga, ka ji tsoron Allah!”

Ko a jikinsa. Abu biyu kawai ke sa shi surutu, mai gadinsa da Autarsa. Yarinyar tana aji shida a ɗaya daga makarantun da muke wa aiki, ta ɗaura ɗamarar cin kyautar lissafi ta bana. Da ta ci ɗari bisa ɗari, har masinja sai da ya ga hoton takardar a wayarsa.

Ƙarshen zango ya zo, makarantu na ta bugo waya suna son sunayen zakaru, mai gadi kuwa ta kafe. Makin da makarantar su Auta ta turo an shigar da shi a matsayin rubutu. Oga ya fito daga ɗakinsa yana huci.

“Malam, me ya tsayar da aikin nan?”

Ba-Shiga ya ce, “Ranka ya daɗe, makin ba lamba ba ne. A ba ni lokaci in juya shi, in duba.”

“Tamanin da biyar ai tamanin da biyar ne! Ga shi ina gani da idona.”

“Kai kake gani. Ita rubutu ɗaya bayan ɗaya take bin sa daga farko, kamar mai jera sunaye.”

Oga ya ce ba karatu ya zo ɗauka ba, a kashe abin nan har a fita daga wannan makon. Ba-Shiga ya roƙa, ya sake roƙo. Ina! Oga ya tsaya masa a ka sai da shi Ba-Shiga ya danna ya kashe mai gadin da hannunsa. Ofis ya ɗau shewa, jan layi ya ɓace, sunaye suka tafi makarantu. Ni dai na ga Ba-Shiga ya ɗauki shayinsa mai sanyi ya shanye bai ma sani ba.

Ranar rabon kyauta ya nemi izini ya tafi da sabuwar riga. Bayan azahar sai ga shi ya dawo, ya zauna ba sallama. Na ce, “Yaya dai, ina kyautar 'yata?” Sai ya kunna kwamfuta ya nuna mini. Wata yarinya mai casa'in da takwas aka kira. Umarnin nan mai zaƙulo maki mafi yawa ya dubi farkon makinta ya ga tara, ya dubi farkon ɗarin Auta ya ga ɗaya, shi ke nan ya yanke hukunci. Auta har ta fara miƙewa daga benci, ta koma ta zauna a gaban 'yan ajinsu.

Raina ya ɓaci, wallahi har yanzu abin na ci mini rai. Da makarantar ta kira tana ƙorafi, kun san abin da Oga ya ce? Ya leƙo ya ce, “To kai Ba-Shiga, ba kai ke kula da duba irin waɗannan abubuwan ba?” Na miƙe zan yi magana, bawan Allahn nan ya riƙe mini hannun riga. Ya mayar da mai gadi bakin aikinta, kafin la'asar an koma yi masa tsaki.

Makarantar ta ce kyauta ta riga ta shiga hannun mai ita, ba za a ƙwace ba, amma Auta ta je ofishin hedimasta a ba ta wata. Auta ta ce ba ta so, ita a gaban mutane take son tata.

Washegari na tambayi Ba-Shiga ko ya yi mata bayani. Ya ce ya yi, ta saurara tsaf har ya gama, sannan ta ce, “Baba, ba kai ka ce aikinka hana kwamfuta yin kuskure ba? To wa ya kashe mai gadin?”

Na ce, “Sai ka ce mata Oga ne mana!”

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce, “Ba wanda ya ce a kashe take tambaya ba, wanda ya danna take tambaya.”