Talo-talona da jabel ɗin Inna

Shekarun baya, da Komadugu ta tumbatsa ta lashe mini gonar tattasai, sai na yi fushi da noma na koma kiwon talo-talo a bayan gidanmu. Niyyata in sayar wa sojoji da ma'aikata masu bikin ƙarshen shekara. Ban da tsuntsayen nan ba ni da ko tsinke.

Sai ciwon ƙafa ya shigo. Gwiwa ta kumbura, tafi ya yi ƙurji, tsuntsun da ke taƙama kamar gwamna ya koma ɗingishi. Abokina likitan dabbobi ya ce manyan sai magani, amma ƙananan zai kawo musu wata ƙwaya mai rai marar cutarwa, in dama a ruwa in fesa musu, ta riga muguwar ƙwayar da ke kawo ciwon kama wuri a jikinsu. Na ce wato kamar bencin tashar mota, in mutanen kirki sun cika shi, ɗan iska sai tsayuwa. Ya ce haka ne.

Na dama a bido, jarkar ruwanmu, na fesa. Ƙananan suka kama ɗingishi. Na sake, suka fara mutuwa. Na je na zazzage wa abokina, na ce ƙwayoyinsa ragwaye ne, albashi kawai suke ci. Ya biyo ni gida, ya shinshina bidon, ya dube ni.

Jabel, ruwan bilic ɗin nan mai kashe ƙwayoyin cuta! Ashe tun shekarar kwalara da masu agaji suka koya wa mahaifiyata ɗiga shi a ruwa, ba ruwan da ke kwana a gidanmu bai sha ba. Ina juya baya take bi ta ɗiga.

"Da kunnena na ji kuna cewa masu rai ne a ciki," in ji ta. "In zuba musu ido a gidana?"

"Inna, waɗannan na kirki ne."

"Ka ga fuskarsu ne?"

Abokina kuwa dariya har da riƙe bango, ni ina tsaye kan gawar jarina.

Daga nan a gidansa muke damawa, in shigo da ruwan a ɓoye kamar kayan fasa-ƙwauri. Waɗanda suka rage suka miƙe, sojoji suka kwashe su.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, Inna na gaya wa maƙwabta jabel ɗinta ne ya ceci sauran. Ni dai na ɗau darasi: duk baƙon da zai shiga gidanmu, ko ido ba ya ganinsa, sai na fara kai shi ya gaida Inna.