Izinin da Yaya Ta Ba Babbar Nas

Yayata ta yi shekara ashirin da biyu tana riƙe da ɗakin fayil na wani ƙaramin asibiti. Mai Makulli ake kiranta, saboda makullai tara da take ratayawa a wuya da igiyar takalmi. Ka faɗa mata sunan mara lafiya, kafin ka rufe baki ta zaro katinsa. Ko bikin 'yata ba ta zauna an gama ba, wai akwai fayil ɗin da ba ta mayar ba.

Bara aka kawo kwamfuta, aka kwashe bayanan marasa lafiya aka zuba a abin da suke kira rumbun bayanai. Aka ce tunda ita ce mai makulli, ita za ta riƙa buɗe wa kowane ma'aikaci asusun shiga. Wani injiniya ya zo ya koya mata na kwana uku. Kwana uku, ga matar da ko saƙon waya sai ta sa tabarau ta yi ta laluben haruffa!

Na je na ga abin da idona. Baƙin allo ne, ba hoto, ba wurin dannawa, sai wani ɗan layi yana ƙyafta mata ido. Za ta rubuta umarnin buɗe asusu, ta sa suna da kalmar sirri, ta rufe da waƙafi mai ruwa. In ta manta waƙafin, allon ya yi shiru kamar miji mai fushi. Ta sayi littafi ta kwafe kowane umarni da jan biro. Na sha tarar da ita tana gyaran shinkafa tana maimaita su a baki. Na ce mata, "Yaya, wannan karatu ko na haddar allo sai haka." Ta ce in dai bakin mutane bai ce ta tsufa ba, ta yarda.

Bayan an buɗe asusu sai a ba shi izini, kuma takardar injiniya ta faɗi na kowa. Nas-nas duba kawai za su yi, ba gyara, ba gogewa. A cikin jerin har da babbar nas, wadda ta kawo Yaya aiki tun tana budurwa, wadda har yau Yaya ke rusunawa ta gaishe ta da Mama. Yaya ta ce hannunta ya ƙi. Ta yaya za ta ajiye Mama a sahu ɗaya da yaran da aka haifa a gabanta? Ta buɗe littafinta ta nemo umarnin da ke ba da izini duka, ta rubuta mata shi. A da ma Mama kaɗai take ba makullin ɗakin fayil ba tare da tambaya ba.

Ita kuwa Mama ba ta taɓa kwamfuta. Ta rubuta kalmar sirrinta a takarda ta manna a jikin allo, kowa ya shiga da ita. Wata ranar Talata wani ya so ya goge suna ɗaya da ya fito sau biyu, ya goge rajistar rigakafin yara gaba ɗaya. Injiniya ya dawo da tsohon kwafi, amma aikin sati uku ya tafi. Ya duba ya ga wanda ya ba da izinin, da rana, da lokaci.

Aka kira Yaya gaban shugaban asibiti. Ta faɗi gaskiya, ta ce ta ɗauka girmamawa ce. Aka juya ga Mama. Mama ta gyara zaman tabarau ta ce, "Ni dai ban roƙa ba."

Wannan magana ita ta hana ni barci, ba gogewar ba. Kuma ina so a gaya mini: a kwana ukun nan, wa ya zaunar da Yaya ya ce mata izini duka na nufin har da rushe gidan? An nuna mata abin da za ta buga, ba a gaya mata abin da yake yi ba. Injiniyan yana wurin a gaban shugaban, ya bar ta ita kaɗai da laifin.

Ashe Yaya ba ta daina cika rajistar takarda ba, duk da an hana ta. Da wannan rajista ta mayar da sunayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya, kwana goma sha ɗaya. Aka ce an gode. Aka kuma ce daga farkon wata za ta koma bakin ƙofa tana raba lambar layi.

Aikinta na ƙarshe a baƙin allon shi ne ta buɗe wa wanda zai gaje ta asusu, sannan ta janye izinin Mama. Ta ce mini ba ta duba littafi ba, ba ta manta waƙafi ba, allon bai yi mata gardama ko sau ɗaya ba.

Na tambaye ta ko har yanzu tana gaishe da Mama. Ta ce kowace safiya, ai ta bakin ƙofar take shigowa.

"Kina rusunawa?"

Ta ci gaba da jera katunan lamba a kan cinyarta, ba ta ɗago ba.