Gurbin Ƙarshe a Allon Tsoho Tie

A lungun masu burodi na birnin Xi'an a ƙasar Sin, kowa ya san Tie Baoshan da abu biyu. Ba a riga shi sahun farko a masallaci, ba a kuma riga shi layin banki ranar da aka fito da sulen sabuwar shekara, wanda ake bugawa da hoton dabbar shekarar.

A lissafin can, shekaru goma sha biyu ne ke zagayawa, kowace da dabbarta. Tun shekarar ɓera, ta farko, ya fara tarawa. Ya sa kafinta ya yi masa allo mai gurbi goma sha biyu, aka shimfiɗa jan karan-miski a ciki. Hannun da ya yi shekara arba'in yana shiga tanderu ba ya jin wuta, shi ne yake sa wa farar safa kafin ya taɓa sule. Bayan ɓera bijimin sa ya shigo allon, damisa ta biyo, zomo, har dodon nan mai ƙaho. Matarsa Guilan ta ɗan yi tsaki a kan maciji, ta yi mita a kan kare, amma ta haƙura.

Sai ga shekarar alade, ita ce ta ƙarshe.

"Tsoho, tun da wuri in gaya maka," in ji Guilan tana murza ƙullu. "Wannan dabbar ba ta shigar mini ɗaki."

"Ƙarfe ne fa, Guilan. Miya za ki yi da shi?"

"Ko a jikin ƙarfe. A ɗakin nan nake sallah."

Tie ya kai ƙara wurin liman bayan azahar. Liman ya yi dariya har gemunsa na rawa.

"Baba Tie, in ba haɗiye shi za ka yi ba, ban ga laifi ba. Amma ɗakin Inna Guilan, ni ba ni da hukunci a can. Ka rufa mini asiri."

Ranar layi ƙafarsa ta kai shi banki ba da shawararsa ba. Ya karɓo sulen, ya naɗe a hankici, ya zo bakin ƙofar gida ya tsaya kamar baƙo. In ya shiga da shi, ya ɓata wa matar da ba ta taɓa hana shi komai ba. In ya bar shi, allon da ya daɗe yana reno ya zauna da giɓi.

A nan maƙwabcinsa Qiao Defu ya same shi. Qiao ba Musulmi ba ne, tsohon direban bas ne mai tumbi da ƙarar murya, kuma tsakar gida ɗaya suke. Kullum da yamma sukan buga dara a ƙarƙashin bishiya.

"Me ka ɓoye a hankici, sai ka ce ka sato ƙwai?"

Tie ya buɗe. Qiao ya duba, ya bugi ƙirji.

"Kai, ai ɗan'uwana ne! A shekararsa aka haife ni. Dubi kumatu, kamar an zana ni."

"Shi ya fi ka kyan gani."

"To ni da nake ɗan shekararsa, sau nawa na sha shayin Guilan? Ta taɓa kora ta?"

"A tsakar gida kake sha," muryar Guilan ta fito ta taga. "Ka taɓa ganin na ce ka shigo?"

Mazan biyu suka dubi juna.

"Tsakar gida kuma fa, Yaya?" Qiao ya tambaya a hankali.

Aka ji ƙarar muciya, sannan muryar Guilan. "Tsakar gida ta kowa ce."

Tun daga ranar nan, sulen yake kwana a gidan Qiao, cikin gwangwanin shayi. Bayan la'asar Tie yakan fito da allonsa rungume, ya jingina shi da bishiya, ya sa safarsa. Qiao ya miƙo gwangwanin, yana ƙorafin an mai da shi mai gadi ba albashi. Tie ya saka sulen a gurbinsa, ya ja da baya ya ƙare wa goma sha biyun kallo, sannan a shimfiɗa dara.

Da an kira magariba sai a cire, kowa ya kama ƙofarsa. Guilan takan kawo musu shayi, ta ajiye daga gefen ɓera, can nesa da ɗaya ƙarshen, na aladen.