Lilon da Ya Ƙare a Murhu

Tun kafin a kawo lilo makarantarmu nake tsoron tarin Inna. Ina 'yar aji uku a ƙauyenmu da ke wajen Toranke, kullum tarinta ne yake tashina da safe. In damina ta sauka itace ya jiƙe, sai ta zaro leda daga jikin danga inda take cusa su, ta ƙyasta ashana, ledar ta narke tana ɗiga a kan itacen, baƙin hayaƙi ya turnuƙe madafa. Ta yi ta fifita da faifai tana tari har sai ta dafe gwiwa. Haka kowace mace take hura wuta a garin, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Ni dai ina kwance ina saurare.

Wata Litinin a farkon daminar nan Malama Rabi ta tara mu a gindin darbejiya, ta ɗaga ledar fiya wata sama. Ta ce akwai masu injin narka ta a Kano, in muka tara da yawa za su yi mana lilo da ita. "Hayaƙinta guba ne," in ji ta, "gara ku hau ta da ku shaƙe ta." Daga ranar muka bar langa da 'yar carafke, muka bazu da buhuna. Mun tsinto ta a kunyoyin gyaɗa, mun ciro ta a kan ƙaya, washegarin kasuwar Ajingi kuwa har rige-rige muke yi, hannuwanmu suna wari. Sauran yara lilo suke so. Ni so nake ledar ta bar gidanmu, shi ya sa na bi dangarmu na zare ta tas, ban bar ko ɗaya ba. Da safe aka wayi gari da ruwa, wuta ta ƙi kamawa, Baba ya tafi gona ko koko bai sha ba. Inna ba ta doke ni ba, kallona kawai ta yi ta ce, "To sai ki kira Malamar taki ta zo ta hura min da baki." Kafin azahar ta samo wata ledar a maƙwabta.

Bayan kaka aka kawo kayan a mota, lilo da wani mai tsani da ake hawa a zamo ƙasa, muka sa masa suna sululu. Koraye ne shar, da santsi kamar tangaran. Malama ta sa kowa ya shafa, tana cewa ledarmu ce. Har masu kiwo sukan tsaya da shanunsu a bakin fili suna kallo. Ranar da layi ya zo kaina na tafi sama har na hango rumbunmu, na yarda a raina tarin Inna ya kusa ƙarewa.

Sai aka mayar da Malama wata makarantar. Zafin bazara ya tsage sululun, ba mai gyarawa. Da ruwa ya sake sauka, wata mata ta gano ɓallinsa ɗaya ya fi leda jimawa yana ci a murhu. Yau a ɓalli nan, gobe a ɓalli can. Wata safiya na shiga madafa na ga koren abu yana narkewa a murhunmu. Inna ba ta ɗago ba, ta ce, "Ai ya riga ya karye, 'yar nan." Kafin a yanke gero ƙarafuna kawai suka rage a filin, ana ɗaure awaki a jiki. A aji huɗu na bar makaranta saboda jikin Inna, ban kuma koma ba. Da ta rasu, ciwon ƙirji aka ce. Ko hayaƙin ne, ko wani abu ne daban, Allah ne masani.

Yanzu ina aure a Gaya, gidan haya muke, kowace mace da murhunta a tsakar gida ɗaya. Ɗana Abba bai daɗe da yaye ba, in ya yi barci ƙirjinsa yana wani fito kamar usur. Ni tun kaka nake tara kara da ƙirare in ɓoye a lungun ɗaki don kar su jiƙe, amma hayaƙin sauran murahun ba ya tsayawa a ƙofar masu shi. Na roƙi matan su daina hura wuta da leda, suka ce, "Maman Abba ta zama likita," suka yi dariya. Ban ga laifinsu ba, kananzir ya fi ƙarfinmu duka. Ledar kuwa ta ninka ta da, har a kan bishiya take kwana, ba kuma wata Malama da za ta tara yara a kanta.

Ban san yadda ake gyara gari ba. Amma ke da kike karanta wannan, don Allah in kaka ta zo ki ajiye busasshen kara a ɗaki. Kar ki sa leda a murhu, akwai ɗan wata a bayan katangarki.