Wandon da Ya Hana Ni Tsugunawa

Telan bakin layinmu a Mandawari ne ya ci mutuncina a gaban surukai, kuma da zare da allura ya yi. Shadda na kai masa, kaftani da wando, domin ni zan karɓi auren ɗan ƙanina. Yana awo yana zuba Turanci: "Baba, silim za a yi ko fitin? Ƙafar kuma fensir ko tayit?"

Ni da aka cire daga firamare aka kai ni jiran rumfa a Ƙofar Wambai, ina na san waɗannan? Amma ba zan tsaya yaron da aka yi sunansa a gabana ya koya mini karatu ba. Na ce, "Haɗa min duka."

Ya kuwa haɗa.

Da safen ɗaurin auren ya aiko da kayan. Sai da na sa leda a ƙafa kafin dunduniyata ta wuce. Na fita ina takawa kamar akuyar da aka yi wa dabaibayi.

A zauren gidan amarya dattawa na zaune kan tabarma, duk wanda ya shigo sai ya tsuguna ya gaishe su. Na lanƙwasa gwiwa, wando ya ce bai yarda ba. Na miƙe. A tsaye na miƙa wa waliyyin amarya hannu, tsohon da a haife ya haife ni.

Ya dubi ƙanina ya ce, "Malam, in yayanka ba ya son haɗin nan, ai faɗa ake yi."

Auren yaro na neman watsewa a kan tsayuwata. Na yi bisimilla, na zube gaba ɗaya. Ɓarrr! Daga ƙugu har gwiwa. Kaftani ya rufa min asiri, amma kunnuwa sun riga sun ji.

Tsohon ya shafa gemu. "To, Alhaji, mun gamsu. A kawo goro."

An ɗaura. Ban tashi ba sai da zauren ya watse.

Washegari na ɗora wandon a kan keken ɗinkin telan, ga masu jiran ɗinki cike da benci. Na ce, "Kai, masu wannan Turancin a tsaye suke gaida surukansu. Mu tsugunawa muke yi. Ka buɗa min shi yadda ni da kai za mu shiga tare. In yadi bai isa ba, ka cika da Turancin."