Hannun Yaya Ayuba a Mahaɗar Kasuwa

Shekara talatin ke nan da muka binne yayana Ayuba a Fadan Kagoma, amma har yau ba na tsallaka titi a Kafanchan da kwanciyar hankali. Makon jiya na tsaya a mahaɗar da ke kusa da kasuwa. 'Yan acaba da masu keke suna kutsowa ta ko'ina, wani ɗan sanda yana ta ɗaga hannu, babu mai kallonsa. Na kasa wucewa, na kasa komawa. Da Yaya yana nan, me zai ce?

Shi ma ɗan sanda ne mai ba da hannu. A farkon shekarun saba'in, lokacin da aka mayar da tuƙi hannun dama, shi aka tsayar a wannan mahaɗa, a kan ganga, da farar safar hannu. Direbobi duk sun rikice a lokacin. Ranar Lahadi bayan sujada yakan bi tasha ya tara su.

"In na ɗaga tafi ina fuskantarka, tsaya," yake ce musu. "In na miƙa hannu gefe na ba ka baya, kai ma tsaya. Sai na kalle ka na yafito ka, sannan ka taho. Ku ma ku yi mini magana da hannu, ina kallo."

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare. Wata ranar kasuwa ina cikin matan da ya ba hannu mu tsallaka, wasu da goyo, wasu da doya a ka. Sai ga babbar mota ɗauke da citta ta gangaro. Yaya ya ɗaga mata tafi, ba ta rage gudu ba. Direban ya zuro hannu ta taga yana kaɗawa kamar mai neman ceto. Mu ba mu gane ba. Yaya ya gane birki ne ya tsinke.

Ya diro daga kan gangar, ya buɗe hannuwa ya turo mu baya, yana ihu, "Mama, koma! Ku koma!" Gefen motar ya bugi kafaɗarsa ta dama, ta wuce ta faɗa lambatu. Babu wanda ya mutu, har direban.

Bayan ya fito daga asibiti, hannun bai sake ɗaguwa ya wuce ƙirji ba. Aka mayar da shi zaman kanta a ofishin 'yan sanda, zaman kuwa bai karɓe shi ba. Da ya tashi aiki sai ya je ya tsaya gindin mangwaro kusa da mahaɗar, hannun hagunsa yana motsi shi kaɗai kamar yana ba motoci hannu. Matarsa takan biyo shi tana cewa, "Baban Rifkatu, tuwo ya huce." Bai taɓa zagin direban ba. Yakan ce, "Mutumin ya yi mini magana, na kuwa ji."

Ina yawan tunanin yadda zai yi da direbobin yau, da da yawansu ba su san bambancin "tsaya" da "taho" ba. Ba na jin zai yi faɗa. Zai shiga tsakiyar titi ne da hannu ɗaya, wannan tunanin kuma shi ne yake tayar mini da hankali.

Babu allo mai sunansa a wurin. Abin da ya bari shi ne matan da suka koma gida ranar, da 'ya'yan da suka haifa daga baya, da jikokinsu. Ba su san shi ba, ni ma ban san su ba. Shi ya sa duk matashin da ya kusa buge ni da babur, nakan tsaya in duba fuskarsa da kyau, ko kakarsa tana cikinmu ranar.